Rakiyar Hedimasta

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Diffa. Da Faransanci nake cin abinci tun ina saurayi, Ingilishi kuwa abin da na sani bai isa ya sayo mini ruwan sha a Maiduguri ba. A cikin ɗan abin da na sani akwai wasu kalmomi biyu da ba a littafi na tsince su ba. Wani dattijo ne ya koya mini su a ƙofar gidanmu, kuma saura ƙiris in rasa shi gaba ɗaya saboda wata wauta tawa da na daɗe ina ɗauka kirki ce.

A kasuwar tattasai muka haɗu. Mahaifinmu ya bar mana gona a bakin kogin Komadugu, ƙanena ke noma ta, ni kuma aikina in zo ranar sayarwa in tsaya kamar na san wani abu. Wanda bai taɓa shiga kasuwar nan lokacin da ake zazzage busasshen tattasai ba, bai san atishawa ba. Ina tsaye ina share hawaye da hannun riga, sai na lura da mutumin da ke rubuta alamar masu kaya a jikin buhuna. Dogo ne, ramamme, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Sauran masu wannan aiki sukan yi ɗan zane ne ko yaya su wuce. Shi kuwa sai ya rubuta harafi a tsanake, ya ja layi a ƙarƙashi, ya ɗan ja da baya ya duba ko ya miƙe. Na ce a raina, wannan ya sha ƙurar alli. Malamin makaranta ko a buhu aka ɗinke shi sai ɗan'uwansa ya gane shi.

Na matsa na gaishe shi, na tambaye shi aji nawa ya koyar. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ai shi hedimasta ne na firamare a Damasak ta Najeriya, shekaru masu yawa, kafin ranar da mahara suka shiga garin kowa ya yi ta kansa. Shi da matarsa suka ƙetaro ruwa da abin da ke jikinsu, suka zauna Gagamari na ɗan lokaci. Da aka ce za a kwashe mutane zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage, ya ce shi ba zai iya zaman jiran a ba shi ba, ya taho Diffa neman abin yi. Yanzu suna bayan gari, cikin rumfunan zana da tamfol da mutanensu suka kafa. Muna cikin magana wani dillali ya wuce ya ce mini, Mushe ina wuni, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Hedimasta ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya ce a ƙasarsu wanda ake kira da wannan suna ungulu ce ke binsa. Na ce ya bari sai ya yi shekara ɗaya yana koyar da yara tamanin a aji ɗaya, zai san ba a yi kuskuren suna ba.

Tun daga ranar ya zama ɗan gida. Kusan kullum bayan la'asar, in ya tashi daga kasuwa, zai biyo ta wajenmu, a shimfiɗa tabarma a zaure, in ɗora shayi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune tare da mu. Babarbariya ce ta gaske, kuma da ta ji ya gaishe ta da Barbarci mai kyau, irin na mutanen da, sai ta ɗauke shi ƙane. Ba ya tashi ba tare da ta aiko masa da kwano ba. Muka yi yarjejeniya, ni in koya masa Faransancin shiga ofis don kada a riƙa juya shi wajen yin takardu, shi kuma ya koya mini Ingilishi don kawai ina so. Ɗalibi ne mai taurin kai. Ya ce harshen da ake rubuta harafi takwas a furta uku almubazzaranci ne. Na ce nasa da ake rubuta abu ɗaya a karanta shi iri huɗu munafunci ne. Haka muke yi har shayi na uku ya ƙare.

Wata rana da ya miƙe zai tafi, na zura takalmi kamar kullum don in taka masa. Ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga yatsa, irin ɗagawar da na tabbata yaran Damasak sun sha jin tsoro. Ya ce wannan abin da nake shirin yi, a Ingilishi sunansa see off. Ya sa na maimaita, I will see you off, har sau biyar, don ya ce ina furta ta ta hanci kamar mai mura. Ya ce ana yi wa baƙo daga ƙofar gida, ana yi wa matafiyi a tasha, ana yi wa alhazai in za su tashi. In an dawo kuma aka tambaye ka ina wane, sai ka ce I saw him off, na raka shi. Na tambaye shi ko shi ma zai iya ce mini haka yanzu, tunda tare za mu fita.

"A'a," in ji shi. "Wanda zai zauna ne yake faɗa wa wanda zai tafi. Maganar mai gida ce."

Na rubuta ta a bayan littafin da nake shirya darasi, har da bayanin nasa.

Kalmar ta shiga raina, wataƙila don ita ce ta farko da na ji ta yi daidai da abin da ƙafata ta saba yi. Mahaifinmu ba ya barin baƙo ya fita shi kaɗai ko da wuta ya zo ɗiba, kuma haka ya tashe mu. Na addabi gida da ita. Matata za ta kasuwa, I will see you off. Ƙanena zai koma gona, I will see you off. Na gwada ta a kan wani mai sayen tattasai ɗan Najeriya a tasha, ya ji daɗi ya zubo mini Ingilishi kamar ruwan Agusta, na tsaya ina washe baki ban kama ko ɗaya ba. Har akuyar maƙwabta da ta shigo ta ci mana dussa na bi ta da kalmar zuwa ƙofa, Inna na cewa daga ɗaki, Allah ya raka taki gona. Ta ce tun kafin a haife ni ake rakiya a gidan nan, ba wanda ya nemi Bature ya raɗa mata suna.

Lokacin an hana hawa moto, wato babur, a duk jihar, ga kuma dokar hana fita in dare ya yi, don haka kowa ƙafarsa ce motarsa, kuma kowa na son ya shiga gida da wuri. Nakan raka Hedimasta mu bi ta bayan masallaci, mu wuce masu suyar ƙosai, har bakin kwalta. Nan zan tsaya mu yi musabaha, in ce a gaida gida, shi ya ƙetara ya shiga cikin yashi. Ina jin daɗin kaina ƙwarai a kan wannan rakiya. A ganina duk Diffa babu wanda ya kai ni iya riƙe baƙo.

Bayan wasu watanni ya fara cewa in zo wajensu ranar Juma'a in ci tuwon gidansa. Na ce in sha Allah, irin in sha Allahun da ake kashe magana da shi. Ina da dalilina. Na san abincin taimako da ake ba su ba ya kai su ƙarshen wata, na kuma ga irin aikin da yake yi a kasuwa. Na san halin mutanenmu, in na ce ga ranar da zan zo, kazar da ya ce matarsa na kiwo ita za ta sha wuƙa. Na ce wa kaina mutumin kirki ba ya cin abincin wanda ke cikin wahala. Juma'a ta farko na ce akwai taron malamai. Ta biyu na ce ciwon kai. Ta uku ma na manta abin da na ce. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, sai dai ya ce to, Allah ya kai mu ta gaba.

Da abin ya fara ba ni kunya sai na yi dabara. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na sa aka ɗora mini rabin buhun shinkafa da galan ɗin mai a amalanke, na tafi ba tare da na sanar ba, don kada su yi wani shiri. Sai da na yi tambaya sau uku kafin a nuna mini rumfarsa. An share gabanta tas, an jera duwatsu an yi mata iyaka kamar harabar makaranta. Na same shi zaune a inuwar zana yana ɗinke takalminsa. Da ya gan ni ya miƙe da sauri har ya yi tuntuɓe, yana kiran matarsa ta kawo tabarma, Mushe ya zo. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba.

Ni kuwa na ƙi zama. Na gaisa a tsaye, na ce wa mai amalanke ya sauke kaya. Aka kawo ruwa a kwanon sha, na ɗan taɓa da leɓe na mayar, don na ga nisan inda suke ɗebowa. Matarsa ta ce ga abinci a wuta, na ce a ƙoshe nake, alhali rabona da abinci tun kokon safe. Da na juya zan tafi ya shiga neman hularsa. Na dafa kafaɗarsa na zaunar da shi.

"Haba Malam, kada ka taso. Rana ta yi zafi, ka huta. Ai na ga hanya."

Ya zauna. Maƙwabtansa biyu ko uku suna kallo daga rumfunansu. Na tafi ina jin na yi aikin lada.

Washegari bai zo ba. Na ce ko aiki ne ya yi yawa. Kwana uku, mako guda, mako biyu, ga tabarma ga shayi, ni kaɗai. In mun haɗu a masallaci zai gaishe ni da kyau, ya tambayi lafiyar Inna, ya wuce. Ni kuma ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani. Na cika na yi fam. Na shiga tuna wa kaina alherin da na yi masa, abin da shi kansa ya isa ya nuna mini alherin bai cika ba tun farko. Na ce wa matata ai dama baƙo raɓa ne, ya sami Faransancin da yake so ya kama gabansa. Gaskiyar magana kuwa kewarsa nake yi. In la'asar ta yi sai in ji zauren ya yi mini faɗi, in yi ta leƙen ƙofa ina cewa iska nake sha.

Inna ta bar ni na yi ta kumbura har kusan wata guda. Rannan ina wanke kofunan shayi ta kira ni, ta ce in gaya mata dalla-dalla abin da ya faru ran da na je. Na ba ta labari ina jiran yabo. Ta tambaye ni ko na zauna. Na ce a'a. Ko na ci. A'a. Ko ya rako ni. Na ce ai ni na hana shi, saboda rana. Ta ajiye casbin da take ja.

"Kai dai karatun lakwal ya cinye maka hankali," ta ce. "Ka je gidan mutum ka mai da shi wurin sauke kaya, a gaban maƙwabtansa. Tashi ka je ka ba shi haƙuri tun ban saɓa maka ba."

Na ce ai tausayinsa na ji. Ta ce in riƙe tausayina. Ta ce zumunta a ƙafa take, kuma ba a ce ƙafar mutum ɗaya ba. Na fita ina gunaguni, don babu abin da ya fi ciwo kamar a ce ka yi laifi a daidai inda kake jiran a gode maka.

Na same shi a kasuwa ya sunkuya a kan buhu. Na tsaya har ya gama, sannan na ce, Malam, na zo ne in ji laifina. Da fari ya ce babu komai, aiki ne. Na ce to ba inda za ni, in atishawa ta kashe ni a nan alhakina na wuyansa. Ya yi ɗan murmushi, ya rufe gwangwanin fentinsa, muka koma gefe inda ba hayaniya.

Ya fara da godiya. Ya ce shinkafar ta yi musu amfani, ba zai yi ƙarya ba. Sai ya shiga ba ni labarin gidansa na Damasak, wanda bai taɓa ba ni ba duk zaman da muka yi. Ya ce zaurensa ba ya rabuwa da mutane: sababbin malamai da aka turo daga nesa kafin su sami ɗaki, iyayen yara daga ƙauye, masunta da magariba ta riska a gari. Matarsa ba ta taɓa auna tsaba daidai da bakunan gida ba. Kuma duk wanda ya kwana, da kansa yake kai shi tasha ko bakin ruwa. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, bai dube ni ba.

"Tun da na ƙetaro ruwan nan, Mushe, kullum ni ake ba, ni ake zaunarwa, ni ake rakawa. Ban ce ba na godiya ba. Amma kai ne na sa rai za ka zo ka zauna a inuwata, in ji ni ma mai gida ne, ko na wuni ɗaya."

Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Allah ya taimake ni a kasuwar tattasai muke, inda ba a tambayar mutum dalilin hawayensa. Na ce ya yafe mini, na tambaye shi ko akwai Juma'ar da ta rage mini. Ya ce ai Juma'a ba ta ƙarewa.

Ranar na sayi sukari da ganyen shayi na ɓoye a aljihun riga, don hali zanen dutse ne. Inna ta tare ni a tsakar gida, ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta ce da cikina kaɗai zan je.

Abin da na ji tsoro shi ya faru, kazar ta sha wuƙa. Aka kawo burabusko da miyar kuka, ga kaza a kai, ga ɗan yajin da matarsa ta daka. Na kai lomar farko. Sai na lura shi ba ya ci sosai, hannuna yake kallo. Na ce a raina, kai Mushe, yau ko ka ci ko ka sake kashe mutumin nan. Na naɗe hannun riga na ci kamar wanda ya wuni yana ban ruwa a gona. Na suɗe hannu na tambaya ko akwai saura a tukunya. Matarsa ta yi dariya daga bayan zana, ta ce ashe mutanen Diffa suna da baki. Hedimasta ya ɗaga murya ya ce a ƙaro wa baƙo, a kawo ruwa mai sanyi na randa, a matso da tabarma rana ta taɓa shi. Ban taɓa jin yana ba da umarni ba sai ranar. Ya dafa shayi da kansa, ya yi masa sukari har ya wuce misali, na shanye kofi uku tas. Muka yi gardamar da muka saba, sai dai a nan shi ke katse ni, kuma duk shi ya yi nasara.

Da rana ta yi sanyi na ce zan koma. Wannan karon na tsaya na jira. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wata riga wankakkiya da ban taɓa gani a jikinsa ba, ya kafa hula ya gyara mata zama. Ya ce da ni cikin Ingilishinsa na hedimasta, kowane harafi a wurinsa, I will see you off. Na ce na gode, muka fita.

Daga rumfarsa zuwa titi ba wata tafiya ba ce, na sani tunda na taɓa bin ta. Amma sai ya yi hagu. Muka bi ta wajen masu faskare, ya tsaya ya gaisa, ya ce baƙo ya yi daga cikin gari, zai ɗan taka masa. Muka bi ta bakin famfo inda ake layin jarkoki, ya faɗa a nan ma. Muka isa rumfar da suke salla, dattawa na zaune, ya sa na gaisa da kowa hannu da hannu, yana gaya musu malamin lakwal ne, abokinsa ne, yanzu ya tashi daga cin abinci a gidansa. Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Barbarci don waɗanda ba su ji ba. Wani tsoho ya ce madalla, Allah ya bar zumunci, Hedimasta ya amsa da amin mai ƙarfi.

Cikina ya yi nauyi, yashi na cika mini takalmi, magariba na matsowa, kuma na gane sarai zagaye muke yi, don mun wuce wata mai tallar gyaɗa sau biyu. Ina tafe ɗan taki a bayansa ina kallon yadda ya miƙe wuya, hannu ɗaya a baya, yana nuna mini wannan da wancan kamar unguwar tasu ce tun kakanni. Na ji ƙaunar mutumin nan ta cika mini ƙirji. Da ya juyo ya tambaye ni ko na gaji, na ce masa ko kaɗan, ai ga can wani layi da ba mu gaisa da su ba tukuna.